Hukuncin Yi Wa Jariri Allurar Rigakafi Alhali Lafiyarsa Ƙalau

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Na haihu wata biyu da suka wuce, amma maigidana ya hana a kai yaron rigakafi. Yana cewa yi wa mai lafiya magani rashin tawakkali ne, kuma ya ji ana cewa allurar tana hana haihuwa. Mene ne hukuncin shari'a?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya raya abin da aka samu, 'yar'uwa.

Rigakafi halal ne, kuma inda cuta take yawo a gari har likitoci amintattu suka tabbatar da cewa barinsa na jefa yaro cikin haɗari, to ya zama wajibi a kan uba, domin ɗa amana ce da za a tambaye shi a kanta.

Neman kariya kafin cuta ta sauka yana da asali a Sunna. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas cewa Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya karya kumallo da dabinon ajwa guda bakwai, guba ko sihiri ba za su cutar da shi ba a wannan yini. Mai cin dabinon nan lafiyarsa ƙalau, kuma da wannan hadisi Shaikh Ibn Baz ya kafa hujja lokacin da ya halatta rigakafi. Haka nan da Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham saboda annoba, Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, sai ya amsa cewa suna gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Babu wanda zai ce ya fi Umar tawakkali a cikinmu.

Yadda allurar take aiki ma ba ɓoyayyen abu ba ne. Ana ɗaukar ƙwayar cutar da aka kashe ko aka raunana, ko wani ɗan yanki nata, a shigar da ita jiki, sai garkuwar da Allah Ya halitta wa ɗan Adam ta gane ta, ta tanadi makaman yaƙarta, ta yadda in cutar gaske ta zo ba za ta tarar da jikin a sake ba. Ɗan zazzaɓin da yaro kan yi na kwana ɗaya ko biyu alamar wannan aikin ce, kuma ƙa'idar malaman fiƙihu ita ce ana jure ƙaramar cuta don tunkuɗe babba.

Game da tsoron maigidanki, ba zan raina shi ba, domin mutanenmu ba su manta da gwajin maganin Trovan da aka yi a kan yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, kuma wannan tabo yana cikin abin da ya sa aka dakatar da ɗigon shan inna a Kano a 2003. Amma a tuna yadda lamarin ya ƙare. An bincika, an kawo maganin ɗigon shan inna daga Indonesiya, ƙasar Musulmi, aka ci gaba a 2004, bayan cutar ta riga ta nakasa yara da yawa ta kuma tsallaka wasu ƙasashe. Yaran da aka ɗiga wa a wancan lokaci yau su ne iyaye, suna haihuwa a gabanmu. Zargin hana haihuwa bai tabbata ba, kuma shari'a ba ta gina hukunci a kan jita-jita. Shi kansa maigidan, ranar da Allah Ya nufe shi da aikin Hajji, ba zai shiga Saudiyya ba sai da shaidar allurar sanƙarau.

Lokaci yana ƙure miki, domin akwai allurar da ake yi tun haihuwa, kamar ta tarin fuka, akwai ta sati 6, da 10, da 14 mai kare maƙarau da tarin shiƙa, sannan ta ƙyanda a wata 9. Wanda ya makara ana iya cike masa. Ban ba ki shawarar ki fita a ɓoye ba. Ki lallashe shi da ladabi, ki karanta masa wannan amsa, in ya ƙi ki sa mahaifinsa ko limamin unguwarku su yi masa magana, ko ku je asibiti tare ya yi wa ma'aikatan lafiya duk tambayar da ke ransa.

Allah ne Mafi sani.