Wardi a ƙasar Maradi

Ka tambaye ni me ya sa wardin da Hajiya ta sa aka dasa mata a tsakar gida yake ƙonewa tun yana toho, ga shi ba ƙamshi, alhali a hoton da ta nuna maka fure ne ruwan hoda har ya rinjayi reshe. To ɗana, zauna ka ji.

Wancan na hoto, irin wanda ake yin ruwan wardi da shi, a ƙasashen sanyi yake jin daɗi. Ko Ɗa'ifa ta Saudiyya da alhazai suke sayo turarenta, a kan duwatsu take, tana da sanyin da mu ba mu da shi. Nan kuwa daga Maris zuwa Mayu zafi kan wuce digiri 40, ƙasarmu kuma jigawa ce, ka zuba ruwa yanzu ya zurare. Saboda haka kada ka zaɓi wardi da hoto. Ka nemi gidan da wani gindi ya ci bazara biyu ko uku a nan cikin gari yana fure, ka sunkuya ka shinshina da kanka. In ya yi maka, ka roƙi reshe.

Reshen ya zama mai kaurin fensir, tsawon taƙi ɗaya, wanda ya riga ya yi fure. Yanke shi a ƙasan ido, ka cire ganye ka bar biyu a sama, ka soka a leda mai yashi da ɗan taki, a inuwa. Ƙarshen damina ake yin wannan, wajen Oktoba, don saiwa ta kama cikin hunturu. Wanda ya dasa a Afrilu asarar ruwansa kawai ya yi.

Ramin da za ka mayar da shi in ya kama, nan ne aikin yake. Kamu ɗaya zurfi, kamu ɗaya faɗi. Ka ɗauko ƙasar fadama daga bakin Gulbi ka gauraya da yashin wurin da takin shanu wanda ya shekara, ya yi baƙi, ba ya wari. Ɗanyen taki yana ƙone saiwa, kuma gara yake kira. Na san za ka ce a barbaɗa toka. Kaɗan dai, in ta yi yawa za ka ga ganye ya koma ɗorawa, jijiyoyinsa kaɗai suka rage kore. Wurin kuma ya samu ranar safe, bayan azahar inuwar katanga ko ta dogon yaro ta rufe shi. Na Hajiya jikin bangon siminti yake yana kallon yamma, gasa shi ake yi kullum.

Ban ruwa a gindi, da sassafe, ya jiƙa ƙasa sosai. Ka riƙa juya ganye kana duba bayansa, nan darɓa da jan gizo-gizo suke ɓuya. In ka gan su, ka fesa ruwan jiƙon 'ya'yan dogon yaro da ɗan sabulu, da yamma. Furen da ya bushe ka yanke shi saman ganye mai 'ya'ya biyar, daga nan sabon toho zai fito. Da bazara ba aski, ba taki, ruwa da inuwa kawai. Akuya kuwa ƙaya ba ta hana ta, sai shinge.

Ƙamshin ma da safe yake, kafin rana ta ɗaga. Ka gaya wa Hajiya ta yi haƙuri da nata har damina ta wuce, sannan mu je mu mayar da shi gabas da ɗaki.