Tambaya da Amsa: Ceto Muryoyin da ke Cikin Tsofaffin Tef na Kwarkwaro

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya bar mana akwatin ƙarfe cike da tef irin na da, mai tafiya daga kwarkwaro zuwa kwarkwaro, sun kai 40. A bayan kwalayen ya rubuta tafsirin azumi da waƙoƙin biki, wasu na 1968, wasu na 1979. Na samo na'urar Uher a wajen wani mai gyaran rediyo. In ɗora su in saurara?
*Mai karatu, Tawa*

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah Ya jiƙan Baba, Ya kai haske kabarinsa. Malam, kada ka ɗora ko ɗaya tukuna. Tef ɗin da ya haura shekara 40 a kwance, wani sau ɗaya kawai zai yarda ya bi ta na'ura lafiya, don haka ranar da za ka fara jin sa, ya zama kwamfuta tana ɗauka.

Fara da hanci da ido. Buɗe kwalin ka shinshina. In ka ji tsami kamar na binegar, tef ɗin na asetat ne, wani nau'in roba da ake yin tef da shi a da, kuma ya fara ruɓewa. Ware shi daga sauran, domin tururinsa yana saurin lalata na kusa da shi, kuma shi za a fara kwafewa. Sannan ɗaga kwarkwaron ka saita shi da hasken taga. In haske yana ratsa naɗin, asetat ne, irin na shekarun 1950 da 1960, mai tsinkewa ƙaras in an ja shi. In ya yi duhu, galibi poliyesta ne, wanda ba ya saurin tsinkewa sai dai ya miƙe, kuma inda ya miƙe murya ta karkace ke nan har abada. Wanda ka ga farin fumfuna a gefensa, sa takunkumi kafin ka taɓa shi, kada kuma ya hau na'ura sai an share shi.

Uher Report kwarkwaro mai faɗin santimita 13 take ɗauka. Na santimita 18 ba zai shiga ba, sai ka nemi babbar na'ura irin Revox A77 ko B77. Kowace ka samu, goge kawunan da ke karanta tef da tsinken auduga da alkol isopropil mai ƙarfin kashi 99, ka duba tayar robar da ke matse tef: in ta ƙandare ko ta yi danƙo, sauti zai riƙa rawa. Gwada na'urar da tef ɗin da ba a damu da shi ba. Abu na ƙarshe, manne maɓallin ɗauka da salatif. Kaset yana da ɗan harshen da ake ɓallewa don kada a goge shi, wannan tef ba shi da shi, yatsa ɗaya ya kuskure muryar Baba ta tafi.

Tambaya: A ƙaramin gidan rediyo nake aiki. Wasu tef ɗinmu suna ƙara ƙii-ƙii, na'ura ta yi ta ja da ƙyar har ta tsaya, kan ya cika da baƙin datti mai danƙo. An ce mini gasa su ake yi. In shanya su a kan kwanon ɗaki, tunda ranar Yamai ta isa?
*Wata mai karatu, Bukoki, Yamai*

Amsa: Malama, da kin ji wannan ƙarar ki tsayar da na'ura nan take. Baƙin dattin da kike gogewa shi ne sautin kansa yake barin tef. Ƙwayoyin maganaɗisu da ke riƙe da murya da wani gam aka manne su, gam ɗin kuma ya sha laimar damina shekara da shekaru har ya saki. An fi ganin haka a tef masu baƙin baya na shekarun 1970 da 1980, irin su Ampex 406 da 456 da Scotch 226.

Gashin gaskiya ne, amma ba a rana ba. Zafin da ake so maki 50 zuwa 54 ne a ma'aunin Celsius, tsayayye, na awa 8 ko fiye ga tef mai faɗin milimita 6.35, sannan a bar shi ya huce da kansa kwana guda. Kwanon ɗaki a watan Afrilu yakan wuce wannan nesa, ya lanƙwasa kwarkwaron roba, ga ƙura da ke shiga tsakanin naɗi. Murhun gas da tandar burodi su ma a'a. Abin da ya dace shi ne na'urar ƙyanƙyasa ta ɗakin gwaje-gwaje ko na'urar busar da ƴaƴan itace mai fanka, a sa ma'aunin zafi na daban a ciki, a gwada ta babu komai na awa biyu a ga ko zafin yana zama wuri ɗaya. Gashi ba ya warkar da tef, sauƙi yake ba shi na ƴan makonni, saboda haka a kwafe shi cikin kwanakin farko. Asetat kuwa ba a gasa shi ko kaɗan, zafi ƙarasa shi yake yi.

Tambaya: Na kunna wani tef na ji mutum biyu suna magana lokaci guda, ɗaya kamar da baya yake yi. Wani kuma muryar ta yi kauri tana jan ƙafa. Sun lalace ne?
*Mai karatu, Yantala, Yamai*

Amsa: Lafiyarsu ƙalau, ɗan'uwa, na'urar ce ba tasu ba. Akwai tef da aka ɗauka a faɗinsa gaba ɗaya, akwai mai layi biyu, akwai mai layi huɗu da aka fi yi a na'urorin gida. In ka ɗora mai layi huɗu a kan da aka yi don layi biyu, zai haɗo maka da abin da ke ɗaya gefen, shi ne wanda kake ji da baya. Babu manhajar da za ta raba su da kyau, sai an sami kan da ya dace.

Kaurin murya kuma batun gudu ne. Ana ɗauka a santimita 4.75, 9.5, 19 ko 38 a daƙiƙa, kowanne ninkin na bayansa. Gidajen rediyo sun fi aiki da 19 da 38, mutanen gida da 9.5 don tef ya daɗe. Canza maɓallin gudu har murya ta zauna. In ta kusa daidai amma da ɗan nauyi, duba bayan na'urar: wasu da aka ƙera don wutar Amurka mai bugu 60 a daƙiƙa suna rage gudu da kashi ɗaya cikin shida a wutarmu mai bugu 50, ko da an sa musu taransifoma.

Tambaya: Yaya ake shigar da sautin kwamfuta? Zan iya kara wayata a bakin lasifika in ɗauka a MP3?
*Ɗalibi, Jami'ar Abdou Moumouni*

Amsa: Wayar za ta ɗauko maka kukan fanka da babur ɗin maƙwabci. Ja kebul daga mafitar layi (line out) ta na'urar zuwa akwatin sauti na USB, ka buɗe manhajar ɗaukar sauti ta Audacity, kyauta ce. Saita nau'in fayil na WAV, kilohaz 96, bit 24, wanda shi ne ma'aunin da ƙungiyar masu adana sauti ta duniya, IASA, take ba da shawara. In kayanka ba su kai ba, kada ka sauka ƙasa da kilohaz 48. Awa ɗaya ta sitiriyo tana cin kusan gigabait 2. Daidaita ƙarfi yadda mafi ƙarar wuri zai tsaya wajen -6 a ma'aunin ƙarfin sauti na manhajar, domin in ya buge 0 ya fashe ba gyara.

Ga inda aka fi yin asara ba a sani ba. Kusa da kan karatu akwai ɗan kusa da ke karkata shi. In kan bai tsaya daidai yadda na'urar da ta ɗauka ta tsaya ba, murya takan fito a dushe kamar ta bayan labule. Sa abin kunne, haɗa sautin ya zama guda, juya kusan a hankali da turnabis marar maganaɗisu har harafin "s" ya fito tas. Kowane tef da nasa. In na'urar tana da maɓallin NAB da IEC, wato tsarin daidaita sauti na Amurka da na Turai, tef ɗin da aka ɗauka da kayan Turai galibi IEC ne. Tsofaffin mahaɗai, wato inda aka taɓa manne tef, za su ɓalle a hanya, a haɗa su da salatif ɗin tef na musamman, domin gam ɗin na ofis yana tsatsowa ya manne naɗi. Ka kuma jona komai a batirin ajiyar wuta, ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki tana nufin tef mai rauni ya sake bin kai.

Fayil na farko kada ka tace shi, kada ka cire masa shuu. Ajiye shi a faifan ajiya biyu, ɗaya a wani gida, daga kwafinsa ka yi MP3 na WhatsApp. Ɗauki hoton kwalin gaba da baya, ka zauna da dattawan gida su faɗa maka wane ne ke magana, a wane gari, wace shekara. In abin tarihi ne ko waƙar gargajiya, tuntuɓi cibiyar bincike ta IRSH ko cibiyar nazarin tarihin baka ta CELHTO a nan Yamai, waɗanda adana irin waɗannan muryoyi aikinsu ne. Tef ɗin kuma kada a zubar: a mayar da su kwalayensu a tsaye kamar littattafai, a ɗakin ciki mafi sanyi, nesa da lasifika da bangon da ke jiƙa da damina.