Tambayi Anti: Fentin Alli da Baƙin Allo na Gida

Assalamu alaikum Anti. Ina da wata tsohuwar durowa cikin kayan ɗakina, shekararta goma sha ɗaya, fentinta duk ya koɗe. Maigida ya ce a kira dillaliya ta ɗauke ta, ni kuma ina jin ta a raina don Babana ne ya saya mini. Na ga mata a Instagram suna shafa wa irinta wani abu wai fentin alli, suna cewa ba sai an goge katakon ba. Gaskiya ne? Kuma a ina zan same shi?
— Uwargida daga Hotoro, Kano

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ki ba maigida haƙuri ya ƙara miki mako biyu, dillaliya ta dakata tukuna.

Wata Baturiya ce mai suna Annie Sloan ta fito da wannan fenti a Ingila a 1990, kuma har yau da sunanta ake sayar da na asalin. Ana ce masa na alli ne don in ya bushe ba ya ƙyalli ko kaɗan, in kin shafa shi da hannu sai ki ji kamar bangon da aka yi wa farar ƙasa. Na gwangwanin da ake shigowa da shi yana da tsada, ni ban ga dalilin da zai sa ki wahalar da aljihunki ba. Abin da ke ba na haɗin gida wannan kama gari ne mai laushi da ake zubawa cikin fentin ruwa, garin kuwa kin san shi: POP ɗin da ake silin da shi. Ki aiki yaro Kasuwar Ƙofar Ruwa ya sayo miki fentin ruwa marar ƙyalli da POP kaɗan, ko ki roƙi masu aikin silin a unguwarku su ɗibar miki a leda.

Gwangwanin madara shi ne ma'auninki. Fenti gwangwani uku, POP gwangwani ɗaya, ruwan sanyi gwangwani ɗaya. Ki fara dama POP ɗin da ruwa shi kaɗai har ya yi sumul kamar kunun kanwa, sannan ki juye shi cikin fentin kina motsawa. Ranar da na fara, garin na zazzaga kai tsaye cikin fenti, da ruwan ɗumi ma don ina ganin zai fi saurin narkewa. Abin da na samu fura ce mai gāya. Kafin in je in ɗauko rariya in dawo, ya kama jikinsa a robar, cokalin ma da ƙyar na zare. POP ba ya narkewa irin na sukari, ruwa yake sha ya koma dutsen da aka gasa aka samo shi, kuma ɗumi yana ƙara masa gaggawa. Saboda haka ki kwaɓa iya wanda za ki shafe a zama ɗaya. Ragowar kada ki zuba a magudanar banɗaki, zai daskare a cikin bututu.

Maganar "ba sai an goge ba" kuwa, rabin gaskiya ce. Durowar da ta shekara goma sha ɗaya a ɗakin mace ta sha turaren wuta, ta sha humra, ta sha man shafawa da hannun yara. Babu fentin da zai kama a kan maiƙo. Ki cire marikan, ki wanke ta tas da ruwan omo da soso, ki ɗauraye, ki bar ta ta wuni a inuwa. In fuskarta mai santsi ce irin ta fomeka, ki bi ta da samfefa sama-sama har ƙyallin ya dushe. In kuma tsohon fentin mai ne a jikinta, ki jiƙa samfefar kafin ki goga, ki kori yara daga wurin, don wasu tsofaffin fentin mai suna ɗauke da dalma, ƙurarta kuma guba ce ga ƙwaƙwalwar yaro.

Sai ki duba wane katako ne. Wannan ma a jikina na koya. Kabad ɗin mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, na maɗaci ne. Na shafa masa fari ƙal da la'asar, na kwanta ina jin daɗi, da safe na tarar ya yi dabbare-dabbaren ja-ja kamar an watsa masa zoɓo. Na ƙara shafi, jan ya sake ɓullowa. Maɗaci da sauran jajayen katako suna da rini a jikinsu, ruwan da ke cikin fentin ne ke jawo shi waje. Maganinsa a fara rufe katakon da wani irin banish da ake kira shelak, kafintocin da ke fesa wa kujeru fenti sun san shi. In ba ki samu ba, ki haƙura da fari, ki zaɓi launi mai duhu kamar shuɗin baba ko kore mai cizawa.

Shafi biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri. Shafin farko zai fito da zane-zanen buroshi har ki ce kin ɓata kayanki, kada ki tsorata, na biyun ke gyara shi. Da hunturu yana bushewa kafin ki gama wanke buroshi, sai dai ki yi aikin a ɗaki a rufe saboda ƙura. Da damina ki ba shi wuni guda tsakanin shafi da shafi.

Fentin alli yana shan datti in an bar shi haka, dole a rufe shi. Turawa kaki suke murza masa da tsumma. A durowa, man goge takalmi marar launi ya wadatar: ki laƙato kaɗan, ki murza, ki goge da tsohuwar atamfa mai laushi. Ki ba shi kamar mako biyu zuwa uku kafin ki jera masa kwalaben turare.

Wancan salon da suke kankare gefe-gefe don abu ya yi kama da tsoho, ni dai bai taɓa burge ni ba. A Ingila ado ne. A nan, dangin miji na shigowa za su ce ko fenti an kasa ƙarasa miki.

Anti, barka da aiki. Ni malamin firamare ne, ina koyar da 'ya'yana da na maƙwabta da yamma a zaure. Ina son baƙin allo. Wani ya ce in sayi fentin alli, wani kuma ya ce in fasa tsohon batir in shafa baƙinsa kamar yadda muke yi muna yara. Wanne zan bi?
— Malami daga Tudun Wada, Zariya

Malam, Allah Ya saka da alheri, amma duka biyun ka bar su.

Fentin alli na ado ne, sunan ne kawai ya ruɗi mai ba ka shawara. Ba don yawan rubutu da sharewa aka yi shi ba. Batir kuwa, ni ma na yi zamanin da ranar Juma'a ake tura mu mu fasa shi da dutse, mu kwaɓa baƙin da ruwa mu shafe allon aji, mu koma gida hannu kamar na masu sayar da gawayi. Ba mu san abin da muke taɓawa ba. Akwai sinadarai masu cin fata a ciki, ga shi yara ba sa raba hannu da baki.

Ka sa kafinta ya yanko maka falawud mai santsi, ƙafa huɗu da ƙafa uku ya isa zaure, ya buga masa firam don kada ya lanƙwashe. Ka goge shi da samfefa. Ana sayar da fentin baƙin allo a shagunan fenti, in ka samu shi ke nan. In za ka haɗa da kanka, kofi ɗaya na baƙin fentin ruwa marar ƙyalli, cokali biyu na garin da masu tayil ke cike tsakanin tayil da shi, irin marar yashi. Garin ne ke ba allon ɗan kaushin da alli ke kamawa. Shafi uku, ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance, ɗaya a tsaye, kana bin kowanne da samfefa mai laushi in ya bushe.

Ga inda mutane ke yin asara: ɗoki. Ka bar shi kwana uku cur. Sannan ka kwantar da alli a gefensa ka murje allon gaba ɗaya har ya yi fari fat, ka share da busasshen tsumma. In ka tsallake wannan, abin da ka fara rubutawa zai shige ƙananan ramukan fentin ya zauna daram. Allon kicin ɗina shekara huɗu ke nan, har yau in rana ta haska shi ana karanta "daddawa, kanwa, gas" a ƙarƙashin duk abin da na rubuta. Kai da Bismillah za ka fara, ka ga kuwa bai kamata a yi ta tsallaka ta da lissafi ba.

Kuma ba dole sai baƙi ba. Kore mai duhu ma yana yi.

Anti, gidan haya nake. Zan iya shafa fentin allo a bangon ɗakin yara, ko su daina yi mini zane a falo?
— Maman 'yan biyu daga Maraɗi

Kada ki soma, 'yata. Rufe baƙin fenti ranar tashi sai an yi shafi a kan shafi, kuma mai gida a kuɗinki zai fanshe. Ki yi allon falawud irin na Malam, ki rataye shi daidai tsayinsu, ki ɗaure tsumma a jikinsa da igiya. Allo biyu za ki yi, tunda 'yan biyu ne.