Amsa ga Alhaji kan filutoniyam ɗin da ke kwance a lakar teku

Wa alaikumus salam Alhaji. Ka ce kana sarin kifin ƙanƙara a Ijora, ka ji ana cewa akwai sinadarin filutoniyam, wato ƙarfen nan mai haɗari da ake haɗa bam ɗin nukiliya da shi, a ƙarƙashin teku, kana tambayar daga ina ya fito, kuma ko zai shafi kifin da kake sayar wa jama'a.

Maganar gaskiya ce, yana nan. Na yi shekaru a jiragen ruwan da ke tashi daga Apapa, aikinmu ɗebo laka daga gindin teku. Bututu ake zurawa, ya fito da ita hawa-hawa, sabuwa a sama, tsohuwa a ƙasa. Wani masani da muka yi tafiya tare ya taɓa ce min idan aka kai ta ɗakin gwaji, hawan da filutoniyam ya fi yawa shi ne na wajejen 1963, har da shi suke gane shekarun laka. Ranar na daɗe ina kallon lakar nan a hannuna.

Kuma aikin ɗan Adam ne. Daga 1945 zuwa 1980 manyan ƙasashe sun fasa bama-baman nukiliya sama da 500 a sarari. Amurka ta yi nata a tsibiran Bikini da Enewetak na tekun Pasifik, Tarayyar Sobiyet a tsibiran Novaya Zemlya da ke can arewacin Rasha. Ƙurar ta hau sama, iska ta zagaya da ita duniya, ruwan sama ya sauko da ita. Shi kuma filutoniyam halinsa ya manne wa ƙura da gawar ƙananan halittun ruwa, su nutse tare har ƙasa. Nau'insa da ake kira 239 sai ya shekara 24,000 da ɗoriya kafin rabinsa ya mutu.

Abin da ya fi taɓa ni, mu ma an yi a bayan gidanmu. Faransa ta fasa nata na farko a Reggane, cikin Saharar Aljeriya, ranar 13 ga Fabrairun 1960, hamadar da ƙurar hunturu ke taso mana daga cikinta. Da ta yi na uku, gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta kori jakadanta daga nan Legas a Janairun 1961. Allah ya jiƙan mazan jiya.

Akwai kuma ruwan dattin da masana'antar nukiliya ta Sellafield a Ingila ta riƙa saki cikin tekun Ailan, da gangunan sharar nukiliya da ƙasashen Turai suka yi ta jibgewa a arewa maso gabashin Atilantika har 1982. Sai a 1993 aka haramta jibge gangunan sharar nukiliya a teku gaba ɗaya.

Batun kifinka kuwa, kwantar da hankalinka, Alhaji. Abin da ke cikin ruwan kaɗan ne ƙwarai, kuma tsokar kifi ba ta cika tara shi ba, dodon koɗi da ciyawar teku sun fi ɗauka. Haɗarinsa babba ga wanda ya shaƙi ƙurarsa ta zauna masa a huhu ne. Titus da shawa kuma a ruwan sama-sama suke kiwo, ba a laka ba.

Ni abin da ke damuna ya fi kusa. Lakar da muke ɗebowa a bakin tashar Apapa baƙa ce wuluk, tana warin baƙin mai, ko an wanke hannu da omo sai an kwana ana jinsa.