Sabuwar fanka a katin hoto: za ta ƙara jan wuta?

Malam, ka tambaya ko sa wa katin hoto (graphics card, wanda ke sarrafa hoto a kwamfuta) manyan fankoki zai fi ƙarfin akwatin wutar kwamfutarka. Kwantar da hankalinka. Duba takardar da ke manne a bayan fankar: in an rubuta 12V da 0.25A, ka ninka 12 sau 0.25, wat 3 ke nan kacal, alhali kati irin RTX 3060 yana cin wat 170. Ƙarfen da ke tsotse zafin kuwa ba ya shan wuta sam.

Abin tsoron shi ne ɗan soket ɗin fanka na jikin katin. Kada ka jibga masa fanka uku. Ni da na gwada, sai da na ji ƙauri. Ja musu wuta daga igiyar SATA, wato wadda ke fitowa daga akwatin wuta tana kai wa hard disk wuta. Amma fara kakkaɓe ƙura tukuna, ka san Maradi.