Ɗaura madubin jan ɗigo a kan fistol ɗin gasa

Ka tambaye ni, ɗana, idan mai harbin gasa ya shigo shago yana son fistol mai madubin jan ɗigo, wato ɗan gilashin saiti da ke nuna jan ɗigon haske a inda harsashi zai sauka, wace za ka nuna masa, kuma yaya ake ɗaura madubin har ya zauna daram. Kafin ka buɗe akwatin bindiga, ka tambaye shi rukunin da zai shiga, domin dokar gasar ce ke zaɓar masa kaya.

A Amurka, rukunin Carry Optics na hukumar gasar harbi ta USPSA ya ce dole madubin ya zauna a kan silaid, wato saman nan mai ja da baya in an yi harbi. Nauyin bindiga da madubi da gidan harsashi babu komai ciki kada ya haura oza 59, tsawon gidan harsashin kuma kada ya wuce milimita 141.25. A rukunin Production Optics na IPSC, hukumar gasar ta duniya, wanda ake bugawa a Turai da sauran ƙasashe, harsashi 15 ne iyaka, kuma sai bindigar tana cikin jerin waɗanda suka amince da su. Duka biyun suna son ƙarfin harsashi ya kai 125: nauyin kan harsashi a ma'aunin giren sau gudunsa a ƙafa cikin daƙiƙa, a raba da 1,000. Giren 124 mai gudun ƙafa 1,050 ya ba ka 130. Ka bar masa wannan 'yar ratar, don ranar gasa na'urar awon gudu ba ta jin roƙo. Dokokin kan sauya, ka riƙa duba na bana.

Ita bindigar ba ta da wuyar zaɓe. CZ Shadow 2 ƙarfe ce zalla, wajen kilo 1.3, nauyinta na shanye tsallen hanci. Glock 34 MOS jikin roba gare ta, ba ta da nauyi, kayan gyaranta kuma ko'ina akwai. Ka sa ya riƙe kowacce, ka duba ko yatsansa ya kai kunama ba tare da ya karkatar da riƙo ba. Wadda ta zauna masa a hannu ita ce tasa.

A madubi kuwa, faɗin taga ake nema, irin na Trijicon SRO ko Holosun 507Comp ko Leupold DeltaPoint Pro. Duk ukun ana sauya musu batir ba tare da an kwance su ba, kuma wannan babban abu ne, don duk madubin da batirinsa ke ƙasa, ranar sauyi sai an sake saiti. Girman ɗigo da MOA ake auna shi, wato wani ɗan ƙaramin ma'aunin kusurwa. MOA ɗaya na rufe kusan milimita 7 a nisan mita 25, ke nan mai 5 zai rufe santimita uku da rabi, tsakiyar allon gasa kuwa faɗinta santimita 15 ne. Ni na fi son mai 5 ko 6, ido ya fi saurin cafke shi. Wanda ya ce yana ganin ɗigon ya watse kamar tauraro, ya rage haske tukuna. In bai gyaru ba, ya ɗauki hotonsa da waya: in a hoto ya fito kewayayye, matsalar a idonsa take, sai ya ga likitan ido.

To, ga inda aikinka yake, kuma nan ne yawancin madubai ke lalacewa. Silaid na dukan madubi gaba da baya a kowane harbi, ɗan gasa kuwa yana harba dubbai a shekara. Da farko ka cire gidan harsashi, ka ja silaid, ka duba ɗakin harsashi da ido da yatsa, ka fitar da duk harsashi daga teburin aiki. Sannan ka duba gindin madubin. SRO da 507Comp gindinsu ɗaya, irin na RMR, wani madubin Trijicon. Na DeltaPoint daban ne, faranti, wato ƙarfen da ke shiga tsakanin silaid da madubi, na wannan ba ya hawa wancan. Ɗora faranti a busasshe ka girgiza shi da yatsa. 'Yan haƙoran da ke shiga ramukan gindin madubi su ne ke ɗaukar duka. In akwai wasa a wurin, sukurori ne za su ɗauka, kuma sai sun karye.

Gwada tsawon kowane sukuru kafin ka shafa komai. Wanda ya yi tsawo yakan taɓa ƙasan rami, ka ji ya ɗaure alhali bai danne madubin ba. A silaid irin na Glock da aka fafe don madubi ya zauna, sukurun dama in ya zarce yana danne sandar da ke tura maƙogin fitar da kwanso, sai bindiga ta fara riƙe kwanso, mai ita ya yi ta zargin harsashi. Wanke ramuka da sukurori da sifirit har mai ya fita, ka bari su bushe. Ɗigo ɗaya na shuɗin Loctite 243, gam mai hana sukuru kwancewa, a kan zaren sukuru ya isa. Kada ka zuba a rami, zai gangara cikin silaid ya daskare, jan Loctite kuwa ba ya kwantuwa sai da wuta. Ɗaura su bi da bi, kaɗan nan kaɗan can, da sukudireba mai awon ƙarfi, gwargwadon abin da kamfanin ya rubuta. Yawanci tsakanin inci-fam 12 ne zuwa 18. Ja layin fenti siriri daga kan sukuru zuwa jikin madubi, ka ajiye ta awa 24. Duk ranar da layin ya rabu biyu, sukuru ya motsa.

Wajen saiti, ya dafa hannu a kan jakar yashi, da harsashin da zai yi gasa da shi. Ya fara a mita 10 don ya hau takarda, ya koma 25, ya harba biyar biyar, ku bi tsakiyar tarin ramukan ku manta da wanda ya bauɗe. A SRO kowane ƙas ɗaya na sukurun saiti MOA ɗaya ne, don haka in tarin ya sauka santimita 3 hagu, ƙas huɗu zuwa dama. Ka gaya masa a mita 3 zuwa 5 harsashi zai sauka ƙasa da ɗigo da kamar santimita biyu, saboda madubi na saman bututu. A ƙaramin allo sai ya ɗan ɗaga.

Zai dawo ya ce ɗigo na ɓace masa in ya zaro. Kada ka taɓa madubin. Galibi hancin bindigar ne ke sama, ɗigon ya fice ta saman taga. Ya yi ta zarowa a gida da bindiga babu harsashi, idonsa a kan allo. Manna tef a gaban gilashin, ya buɗe ido biyu: in yana kallon allo zai ga ɗigon a kansa, in ɗigon yake kallo tef kawai zai gani. Sifirin da ke mayar da silaid gaba kuma kada ka sauya sai ya harba ɗari biyu ko uku. In ɗigo na nutsewa ƙasa bayan silaid ya rufe, sifirin ya yi ƙarfi, a sa wanda ƙarfinsa ya gaza da fam ɗaya. In silaid ya fara ƙin rufewa sarai, an rage da yawa, mayar da na baya.