Kiran masu talla ya addabe ni, ga shi ba na iya ƙin ɗaukar baƙuwar lamba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne, ina sayar da kaya a kan sari, kuma rabin cinikina ta waya ake ƙulla shi. Masu talla sun dame ni da kira: wannan inshora, wancan rance, wani kuma na'ura ce kawai ke magana. Na toshe lambobi da yawa, ba su daina ba. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Shawarar da aka fi ba mutane ita ce su daina ɗaukar lambar da ba su sani ba. Wannan ta yi wa ma'aikacin ofis daidai, amma ba ta ɗan kasuwa ba ce. Tun 2019 wayoyin iPhone ke da saitin da ke hana baƙuwar lamba yin ƙara, WhatsApp ma ya kawo irinsa a 2023. Kada ka kunna ko ɗaya a layin da kake ciniki da shi. Sabon mai saye da baƙuwar lamba yake zuwa, kuma idan ya kira sau biyu bai same ka ba, maƙwabcinka zai kira. Asarar cinikin sari guda ta fi ɓacin ran kiran talla ashirin.

Abin da ya sa toshewarka ba ta yi aiki ba shi ne masu kiran ba iri ɗaya ba ne. Akwai kamfanoni masu rajista da ke tsoron tara. Akwai waɗanda kai da kanka ka ba su izini ba tare da ka lura ba. Sai kuma 'yan damfara, waɗanda babu ruwansu da doka. Kowane da maganinsa, kuma maganin wannan ba ya yi wa wancan komai.

Na farkon su ne mafi sauƙi. Ƙasashe da dama suna da rajistar masu cewa kada a dame su, kuma shiga kyauta ne. A Najeriya hukumar sadarwa ta NCC ta fito da lambar 2442 a 2016: ka tura STOP ta saƙon tes zuwa 2442 don rufe dukkan talla, ko HELP don a nuna maka rukunan da za ka iya bari a buɗe, kamar harkar banki, ilimi ko lafiya. Idan kamfanin layinka bai saurare ka ba, ana kai ƙara ga hukumar ta hanyar kiran 622. A Indiya lambar ita ce 1909. Amurka ta buɗe tata rajistar a 2003, kuma ana ba masu talla kwana 31 su cire lambar mutum daga jerinsu. A Birtaniya tsarin rajistarsu, mai suna TPS, kwana 28 yake bayarwa. Saboda haka idan ka yi rajista yau aka kira ka jibi, ba lallai ne tsarin ya gaza ba, ka ba shi wata guda.

Sai dai ka yi tunani kafin ka rufe komai da komai. Dillalai da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da yawa ta hanyar saƙon jimla suke aika sanarwa, wato hanya ɗaya da ta masu talla. Idan ka rufe gaba ɗaya, sanarwar isowar kaya ko ta taron ƙungiya tana iya maƙalewa a hanya, kai kuma ba ka sani ba. Bayan ka yi rajista, ka sa ido na mako ɗaya ko biyu: saƙon shigar kuɗi daga banki yana zuwa? Na masu kawo maka kaya fa? Idan wani ya ɓace, ka koma rufewar wani ɓangare kawai.

Rukuni na biyu shi ne inda yawancin 'yan kasuwa ke shan wahala, domin rajista ba ta cika hana su ba. A Amurka, misali, kamfanin da ka sayi wani abu a wurinsa yana da damar kiranka har tsawon wata 18 ko da lambarka tana cikin rajistar, wanda kuma ka tambaye shi farashi kawai, wata 3. Kiran da kamfani ke yi wa wani kamfani ma galibi ba ya cikin haramcin. A wasu wuraren kuma izinin ne ka bayar da hannunka: fom ɗin da aka cike a baje koli, gasar da aka ce a saka lamba a ci kyauta, manhajar rance da aka danna mata amincewa ba a karanta ba. A cikin ƙananan rubutun nan ne ake saka cewa za a raba lambarka da "abokan hulɗa". Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Waɗannan ba a kashe musu waya a fusace, domin idan ka katse, kwamfutarsu tana rubuta cewa ba a kammala ba, sai ta maido da lambarka cikin jerin gobe. Haka ma idan ka ce "ina cikin aiki yanzu" ko "bari in yi tunani". A wurinsu wannan alƙawarin sake kira ne. Ka ba su minti ɗaya, sau ɗaya. Ka tambayi sunan kamfanin da sunan mai magana, ka tambayi inda suka samo lambarka, sannan ka ce a fili: "Ban yarda a sake kirana don talla ba, ku cire lambata daga jerinku." Kada ka ba da dalili, domin an horar da su kan amsa kowane dalili. Ka rubuta rana da lokaci da lambar a bayan littafin ciniki. Idan suka sake kira, ka aika musu da saƙo a rubuce, ka ajiye kwafi. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2018 ta ba mutum haƙƙin ƙin amfani da bayanansa don talla, dokar Najeriya ta 2023 ma haka. Amma hukuma da hujja take aiki, ƙorafin da babu rana babu lamba ba ya zuwa ko'ina.

Yanzu ga masu haɗarin. Idan ka ɗauka ka ji shiru na daƙiƙa biyu ko uku kafin wani ya yi magana, na'ura ce ta buga lambobi da yawa a lokaci guda, tana haɗa wanda ya ɗauka da ma'aikacin da ke sarari. Idan murya ce da aka naɗa tana cewa ka danna wata lamba don a cire ka, kada ka danna komai, katse kawai. Dannawar tana tabbatar musu cewa layin yana da rai kuma mai shi yana amsawa, irin wannan lambar kuwa ta fi daraja wurin masu sayar da jerin lambobi. Da yawansu ta intanet suke kira, suna iya sa kowace lamba ta bayyana a fuskar wayarka, har da mai kama da ta yankinku ko ta banki. Shi ya sa ka toshe goma, gobe su zo da goma sabbi.

Akwai kuma kiran da ke ƙara sau ɗaya ya yanke, yawanci da lambar ƙasar waje. So suke ka bi kiran, a riƙa cire maka kuɗi mai tsada kowane minti. Idan ba ka da abokin hulɗa a ƙasar da lambar ta nuna, ƙyale ta. Duk wanda kuma ya fara da talla ya ƙare da neman lambar sirrin katinka ko lambar da banki ya turo maka yanzu-yanzu, ɓarawo ne. Ka katse, ka kira bankin da kanka ta lambar da ke bayan katin.

Manhajojin gane mai kira suna taimakawa a nan. Manhajar kira ta Google a wayoyin Android tana da saitin nuna kiran da ake zargi, Truecaller ma, wadda wani kamfanin Suwidin ya kafa a 2009, aikinta ke nan. Ka saita su su yi maka gargaɗi kawai, kada su katse kira da kansu, domin daga rahoton jama'a suke samun bayanansu kuma suna kuskure. Ka kuma lura da izinin da kake ba kowace manhaja. Jerin lambobin da ke wayar ɗan kasuwa jari ne, a ciki masu sayensa da dillalansa suke.

Gyaran da ya fi daɗewa shi ne raba layi. Layin ciniki yana kan allon shago da rasit da shafinka, ba zai ɓoyu ba, don haka ka ɗauka cewa wasu kiran banza za su riƙa shigowa ta nan. Idan kana da yaron shago mai hankali, shi ya fara ɗauka, ya miƙo maka na gaske. Layi na biyu na banki ne da iyali da manyan dillalai, kada ya shiga kowane fom. Wanda kuma yake yawan rajista a shafuka da taruka, ya ware layi na uku da ba ya cikin aljihunsa kullum.

Wata rana wani zai zo maka da tayin lambobi dubbai, wai ka tallata kayanka. Kada ka saya. Ba ka san yadda aka tara su ba, wasu suna cikin rajistar hana kira, kuma mutane kaɗan ne za su yi rahotonka a waɗancan manhajojin kafin lambar shagonka ta fara fitowa da jan tambari a wayar masu sayenka na gaske. Idan kana son sanar da abokan ciniki sabon kaya, ka tambaye su lokacin da suke saye ko sun yarda, ka rubuta waɗanda suka amince, wanda kuma ya ce a daina ka cire shi a ranar.